Wayar Mai Injin Niƙa

Shafi na 19

To, masu zagina a ƙasan rubutu wai na bar ku a rataye, ga ni. Wadda ta ce tsufa ne ya sa na manta inda na tsaya, na ga hotonki, kuma na san uwarki. Ku gyara zama.

Sababbin shigowa kuma kada ku cika ni da tambaya. Mai Kitso ce ke zargin mijinta, Mai Inji, wanda yake niƙa a bakin layinmu. Wayarsa za ta yi ƙara, a ga ya yi murmushi har da cije leɓe, a duba a tarar babu komai, kamar ɗakin da aka share. Ta kai ƙara gidan su mijin. Aka karɓi wayar aka duba a gaban uwarsa, fes. Yayansu, Babba, direban babbar mota, wanda shi ne a madadin uba tun rasuwar tsohon, ya sa ta durƙusa ta ba mijin haƙuri. Ya kuma ce ranar da ta sake ɗaga maganar ba shaida a hannu, ta haɗa kayanta, 'yan biyunta kuma su zauna a gidan ubansu.

A nan muka tsaya.

Tun daga ranar Mai Kitso ba ta sake cewa uffan ba. Amma duk wadda ta kai mata kai ta ji a jikinta. Kitso take yi kamar tana ɗaure bakin buhu.

Wata nas ce ta kasa jurewa.

"Maman 'Yan Biyu, kaina ne fa a hannunki, ba kan mijinki ba."

"Yi haƙuri."

"Ba haƙuri ba, sassauta. Girata ta kusa komawa ƙeya. Har yanzu maganar nan ce?"

Mai Kitso ta soka tsinken a gashinta, ta sunkuyo.

"Na buɗe wayar."

"Shi ya ba ki lambar?"

"Wace lamba? Zane yake yi. Mutumin da hannunsa ba ya rabuwa da gari. Yana shiga wanka na ɗaga wayar wajen taga, ga sawun yatsansa nan fari tas a kan gilashin, daga sama ya gangaro ya karya dama. Na bi sawun kawai ta buɗe."

"Sai kika ga me?"

"Wani suna wai Mai Bel Na Biyu. Shi ne a sama, shi aka yi magana da shi ƙarshe, amma ciki wayam. Ki gaya mini, wane mai sayar da bel ɗin inji ne zai sa hoton jan fure? Na kwashi lambar na kira da wayata, a kashe. Na sake kira, a kashe."

Nas ta yi dariya har sai da ta dafe kitson.

"Ai saita ta aka yi. Saƙo zai ɗan jima ya goge kansa. Akwai ma wanda ya fi wannan mugunta, na murya. Za ki ga 'yar da'ira da lamba ɗaya a cikinta. Sau ɗaya ake ji. Ana gama ji ya tafi, ba ya turuwa, ba ya ajiyuwa."

"To in na same shi kafin ya buɗe fa?"

"Kada ki taɓa shi. Ki kai gaban waɗanda kike so su ji, ki ƙure murya, ki danna a gaban kowa. In kika ji ke kaɗai, kin kashe shaidarki da hannunki. Za su ce kunnenki ne ya ƙirƙira."

"Sun riga sun ce."

"To kin gani."

Mai Kitso ta zaro tsinken ta ci gaba da tsaga. Nas ta ce tun da take kawo kanta ba a taɓa yi mata tsaga miƙaƙƙiya irin ta ranar ba.

Yanzu bari in gaya muku wani abu game da Mai Inji, don shi ne ya kai shi ƙasa. Shekarun da ya yi a gindin inji sun cinye masa kunne. In ya ce zai yi raɗa, na tsallaken titi ya ji. Shi ma ya san da haka. Shi ya sa a gida ba ya amsa waya, sai dai ya kalle ta ya kife. Wuri ɗaya kawai da yake sakin baki shi ne bayan inji, lokacin da yake gurnani, inda ko ihu ka yi ba mai ji.

Wannan kam ba ba ni labari aka yi ba, ina wurin. Na kai 'yar robar barkonona, ina zaune a kan benci ina jiran layi, rana ta ɗaga, mata cike da shagon, kowa da bokitinta a gaba. Sai ga Mai Kitso ta shigo da robar wake a hannu. Ba ta gaishe da kowa ba. Ni kaɗai ta ce wa, "Kaka, ina wuni," shi ma ba ta kalle ni ba.

Mai Inji bai ga shigowarta ba. Ya juye masarar wata a mazurari, ya tura da sanda, ya saita bokiti a ƙasa, sai ya goge hannu a riga ya zagaya baya. Ya ba mu ƙeya, yatsa ɗaya a kunne, waya a bakinsa.

Mai Kitso ta ajiye robar a hankali.

Kun san ita ce ta taya shi kafa shagon nan. Da cikin 'yan biyu ta tsaya tana miƙa wa masu haɗa wuta waya. Ta san inda makunnin yake, can a bango bayan ƙofa, cikin akwatin ƙarfe. Ta buɗe, ta kama hannun ta ja ƙasa.

Inji ya yi nishi, ya yi ƙasa, ya mutu.

Shi kuwa bawan Allah bai ji ba. Ya ci gaba da zuba, da iya ƙarfin muryarsa.

"Na ce miki ki kwantar da hankalinki, an riga an taka mata burki. Ko tari ba ta yi yanzu. Ki daina rubutawa, ki turo da murya, mai ji ɗaya ɗin nan. Tun safe ban ji muryarki ba, aiki ma ba ya yi mini daɗi."

Wata ta cusa bakin mayafi a baki. Ni dai barkono ne ya sa ni tari, ba komai ba.

Ya ɗage yatsa daga kan wayar, ya tura saƙon muryar, ya juyo yana murmushi. Murmushin ya daskare a fuskarsa.

"An ɗauke wuta ne?"

"Ni na ɗauke," in ji Mai Kitso.

"Me ya kawo ki nan?"

"Niƙa. Ko an hana matar gida niƙa ne? Ci gaba mana. Aiki ba ya yi maka daɗi."

"Da mai kawo mini masara nake magana."

"Mai masara. Jiya mai bel, yau mai masara. Ita mai masarar ce muryarta take sa inji ya yi daɗi?"

"Maman 'Yan Biyu, ki rufa wa kanki asiri, nan wurin sana'ata ne."

"Asiri? Kai da ka gama yi wa layi shela? Wa aka taka wa burki? Ni? Ni ce ba na ko tari? Ka sa na durƙusa a gaban uwarka da yayanka, gwiwata a kan siminti, ina ba ka haƙuri a kan abin da ka san gaskiya ne. Ka tsaya kana kallona kana sosa gemu. Har ka ce ka yafe mini. Kai ka yafe mini."

"Ba ki da shaida."

"Ga su nan, duk sun ji."

Ta juyo ta kalli matan. Wayyo mata. Kowa ta sunkuya tana duba bokitinta kamar yau ta fara ganinsa.

"Ni wake na kawo," in ji ɗaya.

"Ni kunnena har yanzu ƙarar inji yake yi," in ji wata.

Ni ma ta kalle ni. Na ce, "'Yar nan, in na ce na ji, Babba zai ce Kaka gulma ta saba. Ba zai ɗauka ba."

Mai Inji ya saki numfashi. Har ya fara gyara tsayuwa, ya ɗaga wayar yana nuna ta da ita.

"Kin ji dai. Ki ɗauki robarki ki wuce gida. Da yamma zan je wajen Babba da kaina, yau za ki san..."

Wayar ta yi ƙara a hannunsa.

Ya kalla. Ita ma ta kalla. Hannun da ya saba kama siririn gashi a gefen kunne ai ba ya kuskure. Kafin ya rufe yatsu ta fizge, ta ja da baya, ta bi sawun garin ta buɗe a gabansa.

"Mai Bel Na Biyu," ta karanta a fili. "Ga da'irar, ga ɗayan a ciki."

"Ba ni wayata."

"Zo ka karɓa."

Ta jefa ta cikin rigarta, ta harɗe hannu a kai.

"Zo mana, Baban 'Yan Biyu. Ga mata nan sai ka sa hannu su gani. Wannan kam za su shaida."

"Na rantse in kika fita da wayar nan..."

"Gidanku zan je. Inna za ta ji, Babba zai ji. Ni ban ji ba tukuna, tare za mu ji. In farashin bel ne, da ƙafata zan haɗa kayana, ba sai an kore ni ba."

Ta fice. Ya zabura zai bi ta, mai masarar da ke cikin inji ta tare ƙofa da faɗinta.

"Ina za ka? Masarata rabi gari rabi tsaki. Yarana za su dawo makaranta."

"Ki bari in dawo."

"Ka dawo daga ina? Daga kashe aure? Sai ka gama mini."

Sauran ma suka taso, kowa da bokitinta. Waɗanda yanzu suka ce ba su ji komai ba, su ne suka riƙe masa riga. Haka mata suke, ba za su yi miki shaida ba, amma za su tare miki hanya.

Ni kuwa na bar barkonon a kan benci na bi bayanta. Kada wani ya ce mini komai, Inna ƙawata ce tun muna 'yan mata, na daɗe ban gaishe ta ba.

Mun tarar da Inna a baranda kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa. Babba yana kan kujerar roba da singileti, ya dawo daga tafiya ke nan, yana yanke farce. Daga kicin ana jin daka.

Mai Kitso ta yi sallama ta zube a ƙasa.

Babba bai ɗago ba.

"In maganar nan ce, kin san abin da na ce."

"Na sani, Yaya."

"Kin zo da akwatinki?"

"Na zo da wayarsa."

Sai a lokacin ya ɗago.

"Sata kika fara?"

"A gaban mutane na karɓa."

"Ke dai ba ki da kunya. Mace ta zauna ba ta da aiki sai bin wayar miji. Ni nan da kike gani sai in yi sati a hanya, ba a taɓa taɓa mini waya ba, ban taɓa taɓa ta kowa ba. Gida da yarda ake riƙe shi. Ke zuciyarki ce ba ta da tsarki, shi ya sa kike ganin datti a ko'ina."

"Yaya, ka ce in kawo shaida."

"Na ce. An duba an ga babu."

"Saboda gogewa take yi. Wannan bai goge ba, ba a buɗe shi ba. Sau ɗaya ake ji. Ina roƙonku don Allah kowa ya yi shiru, in ya wuce ya wuce."

Inna ta goge hannu a zani.

"Wane irin saƙo ne sau ɗaya kamar mutuwa?"

"Haka suka ƙirƙiro, Inna."

"Allah ya kyauta. Mu a da in namiji zai yi rashin gaskiya sai ya sa takalmi ya fita, kowa ya ga inda ya nufa."

Sai ga Mai Inji ya faɗo gidan ba sallama, fari fat tun daga gashi har ƙafa, aljihun rigarsa a yage.

"Inna, kada ki saurare ta. Ta je ta kashe mini inji a gaban kwastomomi, ta tozarta ni."

"Rage murya, ba a shago kake ba," in ji Inna.

"Yaya, ka karɓar mini wayata. Sirrin kasuwa ne a ciki."

"In sirrin kasuwa ne me ya sa kake rawa?" in ji Mai Kitso.

"Ke ki yi mini shiru."

"Ba zan yi ba. Na yi shirun ya ishe ni. Ka mayar da ni mahaukaciya a gidan nan. 'Ya'yana suna tambayata me ya sa nake kuka a banɗaki. Ka kwanta kusa da ni ka juya baya, hasken waya yana haska bango, in yi magana ka ce mafarki nake. Yau ko ni ko kai."

Babba ya ajiye abin yanke farcen.

"Zauna," ya ce wa ƙanin. "Bar ta ta kunna. Ta kunna mu ji farashin bel, daga nan ta wuce gidan ubanta. Ni zan kai ta tasha da kaina. Yaran kuma ko ɗaya ba za ta ɗauka ba."

"Yaya, ba sai an..."

"Na ce zauna."

Ya zauna a bakin kujera, gumi yana tsaga garin fuskarsa layi layi.

Mai Kitso ta ciro wayar. Ta yi zanen ya ƙi, ta sake. Ta ƙure murya. Ta rarrafa ta matso kusa da Inna, ta ɗaga wayar a tsakiya, ta yi bismilla, ta danna.

Aka ji shaƙar numfashi, sai 'yar dariya ƙasa ƙasa, ta mace.

"Ban ji da kyau ba, kawo nan," in ji Inna.

Ta miƙa hannu ta karɓe ta kanga a kunne.

Muryar ta ɗauke.

Ku da kuka san waya kun san abin da ya faru. Kana kai ta kunne take daina yi wa jama'a magana, ta koma yi maka kai kaɗai. Tsohuwa kuwa tun da take, waya a kunne ta san ana sa ta.

"Inna, cire daga kunne," in ji Mai Kitso. "Inna, don Allah sauke, kowa ya ji."

Ta kai hannu. Inna ta ɗaga ɗaya hannun ta tare ta, ba ta ko kalle ta ba. Idonta yana kan ƙasa. Muna kallo bakinta ya ɗan buɗe, ya rufe. Jijiyar wuyanta ta tashi. Ta daɗe a haka.

Sannan ta sauke wayar a kan cinya.

Mai Kitso ta wawura ta duba. Da'irar ta zama fanko. Ta danna, ta sake dannawa, babu.

"Ya tafi," ta ce. "Inna, kin cinye mini shi. Ke kaɗai kika ji."

Mai Inji ya jingina da kujera, ya share fuska da gefen riga. Har da 'yar gyaran murya.

"To, an ji? An huta?"

Babba ya tashi tsaye yana gyara wando.

"Shi ke nan. Inna, faɗa mata abin da kika ji ta kama hanya."



Mai Kitso ta kama ƙafar Inna da hannu biyu.

"Inna, ɗanki ne, na sani. Ni bare ce. Amma ni na wanke ki lokacin da kika kwanta, ni na goya ki zuwa mota. Ban roƙe ki ki so ni ba. Ki faɗi abin da kunnenki ya ji kawai. In kika rufe, 'ya'yana za a raba ni da su, kuma kin san a kan me."

"Inna, iska ce kawai ko?" in ji Mai Inji. "Ai layin mutumin ba ya da kyau."

Inna ta ɗago ta kalle shi. Na san matar nan tun ba ta da furfura ko ɗaya, ban taɓa ganin wannan kallon a idonta ba.

"Sauko daga kujerar nan," ta ce.

"Inna?"

"Sauko ƙasa. Ke kuma tashi ki hau."

Mai Kitso ta tsaya tana kallonta.

"Na ce tashi ki zauna a kujera. Gwiwarki ta gama taɓa simintin gidan nan."

Babba ya haɗa gira.

"Inna, me kika ji ne? Wace ce? In wata 'yar iska ce a gari ki faɗa, yanzu in je in ci mutuncinta."

"Ba sai ka sa takalmi ba."

"Kamar yaya?"

"Rufe mini ƙofar gida, ka zare makullin ka ba ni."

Ya je ya rufe, ya dawo ya miƙa mata. Ta ɗaga cinya ta danne makullin a ƙasa. Mai Inji yana durƙushe, kansa tsakanin gwiwoyi. Dakan da ake yi a kicin ya tsaya.

"Muryar nan," in ji Inna, "ita ke gaishe ni kullum da safe, ita ke miƙo mini ruwan alwala."

Ta juya ta kalli babban ɗanta.

"Babba, kira mini matarka."